Kwana Uku a Kan Gulbin Zamfara

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Mun daɗe muna koya wa yara sunayen kogunan ƙasarmu a kan allo, amma ba mu taɓa kwana a bakin ko ɗaya daga cikinsu ba. Saboda haka da aka ba da dogon hutu a watan Agusta na 2023, muka shirya mu huɗu, malamai biyu da 'ya'yanmu maza biyu, mu je mu ga Gulbin Zamfara da idonmu. Wani dattijo Basarke, wanda ɗansa ya taɓa yin karatu a hannunmu, shi ya yi mana alkawari zai ɗauke mu a jirginsa. Jirgin nasa ne na kansa, ba na haya ba ne.

Muka biyo hanyar Sakkwato ranar Laraba, muka yada zango a Aliero. Garin nan abu biyu ya yi suna a kansu: albasa da ɗori. Tun daga nesa ake kawo masu karaya wurin maɗoran garin. Albasarsu kuwa har kudancin ƙasar nan manyan motoci suke kai ta. A nan ne kuma gwamnatin Jihar Kebbi ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha a 2006. Muka sayi albasa da barkono da gishiri domin guzuri, muka wuce Jega, muka kwana gidan wani ɗan'uwa mai bi.

Jega tsohon gari ne na kasuwa. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa shi wajen shekarar 1820, ƙarƙashin Gwandu, kuma kafin zuwan Turawa kasuwarsa tana cikin manyan kasuwannin ƙasar Hausa. Gulbin da ya ratsa ta gefen garin daga ƙasar Zamfara ya taso, ya biyo ta Gummi, ya wuce Jega da Gindi, sa'an nan ya faɗa Gulbin Sakkwato, shi kuma ya kai ruwansa Kwara. Mutanen wurin sukan ce da shi Gulbin Gindi.

Da asubahin Alhamis muka sauka bakin ruwa. Baba ya dube mu, ya dubi kayanmu, sai ya ce, "Malam, wannan akwati a bar shi gida. Jirgi ba mota ba ne." Muka ɗaure abin da ya zama dole a cikin buhu biyu. Ya zaunar da kowa wurinsa, manya a tsakiya, yara a gaba, ya ce kada kowa ya miƙe tsaye sai ya ba da izini. Mun zo da rigunan kariya guda huɗu da muka aro. Samarin da suke bakin gulbi suka yi ta yi mana dariya, amma Baba bai yi ba. Da kansa ya ɗaure wa ƙaramin yaronmu tasa.

Zaman jirgi yana da nasa tsari. In ruwa ba zurfi, da gwangwala ake tura shi. In an shiga zurfi sai a koma ga filafili. Aikin yaranmu shi ne kwarfe ruwan da yake tsattsafowa ta tsakanin katako, da ƙoƙo, ba hutawa. Da farko sun ɗauka wasa ne. Kafin azahar sun gane ba wasa ba ne. Da hantsi mukan sha fura a cikin jirgi. Da rana ta take sai mu raɓa gindin wata itaciya a gaɓa. Baba da ƙanensa su yi alwala su yi salla, mu kuma mu buɗe Littafi Mai Tsarki mu yi addu'a. Ba wanda ya takura wa wani. In mun riga su gamawa mu jira su, in sun riga mu su jira mu.

Kai, ikon Allah da yawa yake! Hagu da dama fadama ce shimfiɗe, shinkafa kore shar iyakar ganinka. Ga bado ya rufe bakin tafkuna, ga balbela fari fat, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai gadi. Da yamma ƙanen Baba ya jefa birgi sau uku, ya fito da karfasa da ƙurungu da tarwaɗa biyu. Ya nuna wa yara minjirya, ya ce kada su kuskura su taɓa ta, gama tana fizgar mutum kamar wutar lantarki. Muka sauka wata tunga, wato ɗan ƙauyen masunta. Matan wurin suka tuƙa mana tuwon shinkafa, muka ba da albasarmu aka yi miyar kifi. Ba su san mu ba, ba su tambayi addininmu ba, suka shimfiɗa mana tabarmi. Ba domin gidan sauro ba, da ba wanda zai runtsa a daren nan.

A tungar nan muka ji ɗaya gefen labarin. Ruwan da yake ciyad da su shi ne yake cinye su. Suka nuna mana inda ambaliyar 2020 ta kai a jikin wata tsamiya, shekarar da ruwa ya shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi. Ba asibiti kusa. Mai naƙuda da dare a jirgi ake ɗaukarta. Da damina yara da yawa ba sa zuwa makaranta, domin babu mai haye da su kullum. Mu da muke malamai, wannan ya tsaya mana a rai ƙwarai.

To, ga abin da ya sa muka rubuta wannan labari. Shirinmu shi ne mu kai wata mashaya a ƙasar Maiyama ranar Asabar da yamma, mu hau babur zuwa bakin titi, mu sami mota, domin ɗayanmu ne zai bi da sujada ranar Lahadi. Da la'asar saura tafiyar kamar sa'a ɗaya da rabi, sai Baba ya dubi gabas, ya karkata jirgi zuwa gaɓa. Ya ce, "Nan za mu kwana."

Muka ce, "Haba Baba, ga rana da sauranta! Jama'a suna jiranmu gobe."

Ya ce, "Malam, ka san takarda, ni na san ruwa. Ɗiyanku amana ne a hannuna."

Gaskiya ranmu ya ɓaci. Har muka ce za mu ƙara masa kuɗi, abin da muke jin kunyarsa har yau, gama tun farko ba don kuɗi ya ɗauke mu ba. Bai amsa ba, sai ya ci gaba da ɗaure jirginsa da igiya biyu. Ba a yi rabin sa'a ba gari ya yi baƙi ƙirin. Iska ta taso da ƙarfi, gulbin da muka sani lumui ya shiga tumbatsa yana dukan gaɓa. Muka fake a bukkar wani mai gadin gona, mu bakwai, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye muka ci gaba, sai ga wani babban icce da ruwa ya tumɓuke ya gicciye a wata kwana, rabinsa a nutse. Da mun iso wurin cikin duhu da iska, Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Baba bai ce mana kome ba. Mu ne muka ce, "Baba, ka gafarce mu." Ya yi murmushi ya ce, "Ba kome, Malam."

Sujadar Lahadin nan a bakin gulbi muka yi ta, mu huɗu, kafin mu tashi. Muka karanta Markus 4:35-41, inda hadiri ya taso wa almajirai a teku, Ubangiji Yesu ya tsauta wa iska ta kwanta. Sau nawa muka koyar da wannan labari a aji! Amma ran nan ne muka fahimci irin tsoron da ya kama su. Muka kuma tuna cewa Ubangijinmu ya ƙi ya gwada Allah. Dogara ga Allah daban, ganganci daban. A can gida kuwa wani dattijon ikkilisiya ya bi da sujada, ba abin da ya ragu. Ashe aikin Allah bai rataya a wuyanmu kaɗai ba.

'Yan'uwa masu karatu, ba mu manta da abin da ya faru kusa da Wara ta ƙasar Ngaski ba, ranar 26 ga Mayu 2021, sa'ad da jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a Kwara, waɗanda suka tsira kaɗan ne. Yawancin irin wannan hasara daga abu uku take fitowa: lodi fiye da kima, tafiyar dare, da tsohon jirgin da ba a gyara ba. Sau da yawa kuma mu fasinjoji ne muke matsa wa mai jirgi, kamar yadda mu ma muka yi. In kun ga jirgi ya cika, ku jira na baya. In akwai rigar kariya, ku sa, ku sa wa yara, ko da za a yi muku dariya. Ikkilisiyoyin da suke bakin ruwa, ko mata zumunta, za su iya haɗa kuɗi su sayi 'yan riguna su ajiye a mashaya domin kowa da kowa, Kirista da Musulmi. Sannu ba ta hana zuwa.

Muna roƙonku ku riƙa tunawa da mutanen tungayen nan cikin addu'a, musamman yaran da ruwa ya raba su da makaranta. Ku tuna da Baba kuma. Da muka rabu a mashaya ya ƙi karɓar ko kwabo, sai ma ya ƙulla mana bandar kifi a takarda, ya ce a kai wa iyali. Allah ya saka masa da alheri, ya kiyaye dukan masu tafiya a kan ruwa. Amin.