Kalmar da Ban Rubuta Ba

Kawuna mai fentin ƙafafun mota ne a Maraɗi. Jikin mota aikin wasu ne, shi janti kaɗai yake taɓawa, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kansa. Yawancin motocin garinmu tsofaffi ne da aka sauke a tashar jiragen ruwan Kwatano, suka shigo ta Gaya, kuma kafin su iso mana jantocinsu sun riga sun sha gishirin titunan Turai da gogar gefen hanya. Wani yana kawo nasa don tsatsa, wani don ado: baƙi da leɓe ruwan gwal, ko ruwan azurfa mai walƙiya, ko launin da zai dace da jikin motar. Da wannan sana'a Kawu ya biya mini kuɗin makaranta tun daga firamare.

A ƙarshen shekarata ta biyu a sashen kimiyyar harshe, a Yamai, aka ba mu aikin hutu: kowa ya tattaro kalmomin aro na wata sana'a. Na yi murna, domin rumfar Kawu taska ce. Maraɗi tana kusa da iyaka, kayan aiki suna shigowa daga Katsina da Kano, masu motoci kuwa da Faransanci suka san sunayen sassan motarsu. Saboda haka kusan kowane abu a rumfar yana da suna biyu. Ruwan da ake tsinka fenti da shi *dilwan* ne in daga bakin ɗan lakkol ya fito, *tina* ne in gwangwanin daga Kano ya zo. Abin ɗaga mota *kirik* ne kuma *jak* ne. Abin kwance noti *kile* ne kuma *sifana* ne. Kawu yana sauya su yadda mutum yake sauya hannu wajen aiki, bai taɓa rikicewa ba.

Mako shida na yi a bakin rumfar da littafi da wayar ɗaukar murya. Na ga yadda *jante* ta Faransanci ta sami wasalin ƙarshe ta zama *janti*, ta kuma ɗauki jam'i irin na *mota* da *motoci* ta zama *jantoci*. Na ga yadda *vernis* ta zama *berni*, tunda Hausa ba ta da sautin farkon. Na lura Kawu yana cewa *henti*, kamar yadda yake cewa *hita* a maimakon *fita*, baƙuwar kalma ta bi dokar karin harshen garin da ta sauka. Duk wannan gaskiya ne, kuma har yau ina ganin aikin yana da amfani. Sai dai na yi wa kunnena rariya: duk kalmar da ta yi ƙamshin Faransanci ko Ingilishi ina tarewa, wadda ta zo da Hausa tsantsa ina barin ta ta wuce, don a ganina ba ita aka aike ni nema ba.

A cikin waɗannan makonni na koyi aikin da ido. Ana wanke janti da omo har baƙar ƙurar birki da maiƙo su fita, domin fenti ba ya kama wurin da yake da mai. Ana goge shi da sanfefa, a fara da mai kaushi a ƙare da mai laushi, lambar da ke bayan takardar tana hawa daga 180 zuwa 400 ko 600. Inda gefen hanya ya ci ƙarfen a cike da mastik, a sake gogewa. In ba a cire tayar ba, a rufe ta da takarda. Sai fentin ƙasa, wanda yake riƙe ƙarfe, sannan launi, shafi biyu ko uku marasa kauri, ana jira ƴan mintoci a tsakani, sannan berni. Kowane lokaci na shekara da irin fitinarsa. Da hunturu ƙura ce, sai an yayyafa wa ƙasa ruwa an yi feshi da sassafe. Da bazara zafi yana busar da fenti tun yana iska, ya sauka da kaushi. Da damina, lokacin da nake can, danshi yana sa berni ya yi hazo.

Wani Alhaji ya aiko da ɗansa da Corolla, ana saura mako guda bikin yaron. Baƙi yake so, da leɓe ruwan gwal. Kawu ya tsare shi da tambaya: baƙi mai sheƙi ko wanda ya kwanta? Gwal irin na ɗan kunne ko mai duhu irin na tsohuwar tagulla? Na taɓa karanta littafin Berlin da Kay na 1969 a kan sunayen launuka, na kuma san yadda Hausa take gina sababbi da kalmar *ruwa*, ruwan toka, ruwan goro, ruwan hoda, amma ban taɓa ganin inda kuskuren launi yake cin kuɗi ba sai a nan. Da aka daidaita, Kawu ya goge jantocin huɗu, ya tarar berninsa ya kusa ƙarewa, ya shirya zuwa Katsina. Yana ɗaura jaka a babur ya ce mini: "In ka ga ka iya, yi hentin ƙasa ka jira ni. Amma kak ka bari ya taɓa mazauni."

Na ce to. Ban tambaye shi mene ne mazauni ba. Kalma ce da na sani tun ina yaro, na ɗauka yana nufin kujerar motar, har na yi dariya a raina, yaya fenti zai kai can alhali jantocin suna waje.

Ruwa ya tsare shi kwana biyu. Ango yana ta kira. Ni kuwa na ga dama ta samu da zan nuna cewa ɗan jami'a ma yana da hannu. Na yi fentin ƙasa, na yi baƙin, na ja zaren gwal a leɓe, na ƙarasa da ragowar bernin. Don kada a ce na yi ha'inci, ban bar ko'ina ba: gaba, baya, cikin ramukan noti, da shafaffen wurin nan na baya da yake haɗuwa da cibiyar ƙafa, duk na cika su da fenti mai kauri. Washegari muka ɗaura, na ɗaure notuna da ƙarfina duka. Ango ya zagaya motar sau uku, ya ba ni tukuici. Da Kawu ya dawo motar ta tafi, ya duba hoton da na ɗauka, ya ce leɓen ya yi.

Ranar ɗaukar amarya motar ta kama hanyar Tasawa da ƙawaye huɗu a ciki. Kusa da Agye direban ya ji wani bugu daga baya, motar tana lilo. Allah ya sa mutum ne mai kunne, ya tsaya. A ƙafar baya ta hagu noti ɗaya ya faɗi, sauran ana juya su da yatsa.

Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya sani. Abin da yake riƙe ƙafar mota shi ne matsin ƙarfe da ƙarfe: noti yana danne janti a kan cibiya, ƙusar da ya hau tana miƙewa kaɗan kamar igiyar da aka ja. In akwai fenti mai kauri a tsakani, musamman wanda bai gama bushewa ba, zafin birki yana tausasa shi, nauyin tafiya ya murƙushe shi, sai a sami ɗan gibi da bai fi kaurin gashi ba. Wannan ya isa matsin ya saki, noti ya fara juyawa da kansa. Mazauni, a bakin Kawu, shi ne ɗan gangaren cikin rami inda noti yake zama, da bayan janti inda yake zama a kan cibiya. Wuraren nan ana rufe su kafin feshi, ko a kankare su bayansa.

Ramukan jantin sun buɗe, ba ya sake ɗauruwa. Kawu ya sayi wani da jikka 35 daga aljihunsa, ya je gidan Alhaji da kansa ya ba da haƙuri, bai kuma ambaci sunana a can ba. Alhajin bai sake kawo mota ba, shi da ƴan'uwansa.

A daren na buɗe littafina. Kalmomi 87 na tara, babu mazauni a ciki. Na kunna muryoyin da na ɗauka, na ji Kawu yana faɗa wa yaran rumfa ita kusan kullum. Ƙirarta irin ta *masauki* ce, *ma-* a gaba, *-i* a baya, sunan wuri daga aikatau *zauna*, darasin da na ci jarrabawarsa da maki mai kyau. Da na sake saurare ba tare da rariyata ba, sai ga wasu suna fitowa. Gefen janti *leɓe* ne, sandunansa *yatsu* ne. Fentin da ya yi yawa ya gangaro ya yi *hawaye*. Wanda ƙura ta faɗa masa ya yi *ƙuraje*. Ƙarfen da aka goge da kyau yana *shan* fenti, wanda bai gogu ba yana *tofar* da shi. Sai na ga wani rabo da ban zata ba: kalmomin aro, a wannan rumfa, sunayen abin da ake saye a kanti ne, gwangwani da na'ura da takarda. Abin da ido zai auna, da kuskuren da hannu zai kauce wa, da wurin da ran mutane yake rataye, waɗannan da Hausar gida aka raɗa musu suna, ta hanyar faɗaɗa ma'anar kalmomin jiki da na zaman yau da kullum. Ban ce haka yake a kowace sana'a ba, rumfa ɗaya na zauna. Amma jerin kalmomin aro da na yi niyyar kai wa malamina zai nuna cewa sana'ar ba ta da harshe sai na baƙi, kuma wannan hoton ƙarya ne, ko da kowace kalma a cikinsa daidai take.

Da safe aka kawo motar. Kawu ya kwance ƙafafu ukun da suka rage, ya jera su a ƙasa, ya miƙo mini burushin waya da guntun sanfefa. Na zauna ina kankare baƙin da na fesa da alfahari, rami bayan rami, har farin ƙarfe ya fito. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Da aka ɗaura, ya ɗaure notunan da kansa, yana tsallake ɗaya ya ɗaure na gabansa don matsin ya daidaita, ya ce wa direban ya je Tsibiri ya dawo a sake gwada su. Motar na fita ya dubi littafin da ke kan benci, ya dube ni.

"Ɗan lakkol, ita wagga ka rubuta ta?"

Na ce, "Na rubuta, Kawu. Ku maimaita mini sauran."