Jirgin da ya gifta a Dutsen Abba

Ranar Asabar na raka ƙanena Dutsen Abba gaishe da gwaggonmu. Muna tafe a gefen gonakin masara sai ga wani ƙaramin jirgi ya gifta ƙasa-ƙasa. Yaron ya zaro waya, wani dattijo ya daka masa tsawa: "Kai yaro, so kake soja su kwashe ka?"

Baba ya ɗan kuskure. Yawancin ƙananan jiragen da ke shawagi a sararin Zariya na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ne, wadda aka kafa a 1964, kuma ta farar hula ce. Amma tsoron nasa da tushe. Zariya garin barikoki ne, ga Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 da ta haramta ɗaukar hoton wuraren tsaro da nufin cutar da ƙasa. Kafin a gane nufinka kuwa, ka sha tambayoyi. A 2001 ƙasar Girka ta tsare Turawa 14 masu sha'awar kallon jirage a sansanin soja na Kalamata, sai bayan shekara guda kotu ta wanke su.

Ƙanena dai ya samu hotonsa: farin ɗigo a sama, da rabin hular Baba.