Tambayar da Ta Kori Ɗanmu Daga Sujada

Akwai wani kuskure da mu iyaye da shugabannin ikilisiya muka daɗe muna yi, yau muna so mu furta shi a gabanku.

Akwai wani saurayi a zumuntarmu, injiniyan lantarki, wanda ya daina zuwa sujada wata uku. Shi ne mai haɗa mana lasifika kowace Lahadi, don haka mun lura da wuri. Da muka je gidansu muka same shi a ɗaki da rana tsaka. Muka ce, "Ɗana, lafiya?" Ya ce, "Baba, na gaji da amsa tambaya ɗaya a ƙofar majami'a. Kowa sai ya ce, har yanzu ba a samu ba?" Muka yi shiru, domin mu ma muna cikin masu tambayar. Mun ɗauka kulawa ce, ashe ciwo muke fama masa kowane mako.

Ku duba hanyar da irin waɗannan yara suka biyo. Digirin injiniya shekara biyar ne. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya cinye wajen wata tara, na 2022 ya cinye wata takwas. Sai bautar ƙasa shekara guda. Kafin yaro ya karɓi takardar sallama, ya wuce shekarun da kamfanoni da yawa ke rubutawa a tallar ɗaukar sababbin ma'aikata. Wasu kuma su ce sai mai gogewar shekara uku ko biyar.

Ƙasar ma ba ta jira su ba. Tattalin arzikin Najeriya ya karye a 2016 bayan faɗuwar farashin ɗanyen mai, ya sake karyewa a 2020. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, naira ta faɗi, siminti da rodi suka yi tashin gwauron zabi, gine-gine da yawa suka tsaya. Mu da muka girma a Kaduna mun ga lokacin da masaƙun Kakuri ke kwashe dubban ma'aikata kowace safiya. Yau ciyawa ce a harabarsu. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, da ya kamata ya ɗauki injiniyoyi, har yau bai fara aikin da aka gina shi dominsa ba. Saboda haka, matasa, ku ji wannan daga bakinmu: rashin aikinku ba alamar lalaci ba ne, ba kuma alama ce ta cewa Ubangiji ya juya muku baya ba.

Amma zaman ɗaki yana da nasa haɗarin. Ilimin injiniya kamar fartanya yake, in an jingine shi sai ya yi tsatsa. Hukumar COREN ba ta yi wa mutum rajistar cikakken injiniya sai ya yi shekara huɗu yana aikin bayan kammala karatu. Duk shekarar da aka yi ana aika takardu kawai, ba ta shiga lissafin nan. Shi ya sa muka shawarci ɗan namu ya bi wani dattijon ikilisiya mai sa wa mutane sola. Da fari ya ji kunya. Mai digiri yana hawa rufin kwano, yana ɗaukar batir! Kuɗin ma da ƙyar yake isar abin hawa da abinci. Amma a can ya koyi lissafin nauyin wutar gida da magana da mai gida, abubuwan da ba a koya masa a aji ba.

A Fitowa sura 31, Allah ya cika Bezalel da Ruhunsa domin aikin ƙarfe da dutse da katako. Manzo Bulus kuwa, duk da zurfin karatunsa, ya zauna da Akila da matarsa a Koranti suna ɗinkin tanti. Aikin hannu bai rage darajar kowannensu ba.

Ga roƙonmu gare ku. Ku nemi injiniya mai rajista ku tsaya kusa da shi, ko da albashin kaɗan ne, ku riƙa rubuta duk aikin da kuka yi da ranarsa. Ku shiga taron reshen Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya da ke garinku, domin aiki yakan zo ta bakin wanda ya san hannunku. Kada kuma ku sayi aiki. Mun ga iyalin da suka sayar da gona suka ba wani da ya yi musu alkawarin gurbi, gonar ta tafi, aikin bai zo ba. Ko da ya zo, wanda ya shiga da cin hanci zai yi wuya ya ƙi sa hannu a kan ginin da aka rage wa rodi.

Mu iyaye kuma, mu canja tambayarmu. Maimakon "ka samu?", mu ce "me ka iya, wa zan haɗa ka da shi?" Akwai 'yan kwangila da magina da ma'aikatan gwamnati a kan bencinmu kowace Lahadi.

Ɗan namu har yanzu yana neman babban aiki, ba mu kuma san ranar da zai samu ba. Amma ya dawo sujada, hannunsa ya yi kanta, lasifikarmu kuma ta daina ƙara.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka riƙe zuciyar yaranmu masu jira, ka tsare su daga mayaudara, ka albarkaci aikin hannuwansu. Cikin sunan Yesu, amin.