Sai Zango Mai Zuwa

A 'yan shekarun nan, idan liman ya sallame sallar Magariba a masallacin layinmu na Tudun Wada a Kaduna ya ce jama'a a ɗan dakata akwai sanarwa, kusan kowa ya san inda za a dosa. Da can sanarwa ba ta wuce ɗaurin aure, ko suna, ko mara lafiya da ake nema wa kuɗin magani. Yanzu an samu ƙari: ɗan gidan wane ya samu gurbi a jami'a, ranar kaza za a rufe rajista, a taimaka saboda Allah. Uban yaron yana cikin sahu, kansa a sunkuye, mutumin da tun da ya yi aure yake riƙe da gidansa bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Wannan ne ya sa na ɗauki biro, duk da idona ya fara rauni.

Waɗanda muka yi zamani tare sun san ba haka muka taras da duniya ba. A zamanin En'e makaranta ce ke neman yaro. Dagaci zai aiko a rubuta ɗan wane, uwa tana kuka, wasu har su ɓoye yaro a rumbu. Wanda ya shiga makarantar kwana a ba shi yunifom da sabulu da abinci, in an yi hutu a ba shi kuɗin mota. Da Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta a watan Satumba na 1976, ajujuwa suka yi ta tashi a unguwanni da ƙauyuka, ɗaliban kwalejin horon malamai har alawus ake ba su. Ni a lokacin ina aiki a wata masaƙa a Kakuri. Kullum da sassafe za ka ga kekuna da motocin ma'aikata sun cika hanya, a gefe kuma yara suna ta kwarara makarantun firamare na LEA, ɗan akawu da ɗan mai gadi da ɗan mahauci a benci ɗaya. A 1978 da aka ƙara wa ɗaliban jami'a kuɗin abinci da na ɗaki, aka yi boren Ali Must Go har aka harbe ɗalibai a Samaru, mu muna ganin rigimar 'yan jami'a ce, ba ta shafe mu ba. Ashe farkon ruwa ne. Kuɗin man fetur ya ja baya, soja suka dawo a ƙarshen 1983, kuɗin makaranta ya dawo da sunaye iri-iri, sannan tsarin tattalin arziki na SAP ya zo a 1986 ya karya darajar naira, albashin da ke kai mu ƙarshen wata ya daina kaiwa tsakiyarsa.

Duk da haka mun lallaɓa, har masaƙu suka fara rufewa. KTL da ta fara aiki tun 1957 ta tsaya a 2002, su Arewa da Nortex da Finetex suka bi sahu, UNTL ta rufe a 2007. A wannan tsakanin ne na ga abin da har yau bai bar zuciyata ba.

Akwai abokin aikina, Allah ya jiƙansa, ƙofar gidansa tana kallon tawa. Yana da 'ya mace a aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar 'yan mata ta gwamnati. Yarinyar nan ita ke riƙe wa matan layi lissafin adashi, ita ke karanta wa tsofaffi takardar asibiti ta faɗa musu sau nawa za su sha magani. Ranar Lahadi da yamma za ka gan ta a soro tana goge yunifom da dutsen guga na gawayi, tana hura garwashin da baki. Wata rana muna zaune a kan tabarma bayan La'asar ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, an ce gobe wanda bai biya ba kada ya zo." Ya yi shiru, ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "Yi haƙuri, 'yata. Ki zauna wannan zangon. Da an biya mu haƙƙinmu kya koma." Ta ce to, ta tashi. Zango ya wuce, wani ya shigo. Aka fara ɗora mata tallan awara don a samu na cefane. Kafin shekara ta zagayo an sa ranar aurenta. Shi kuma ya koma ga Mahaliccinsa bai ga garatutinsa ba.

Kuɗin da ya hana yarinyar nan komawa bai kai kuɗin ragon suna ba. A cikin watannin nan an yi biki a layinmu, mazanmu da matanmu mun fitar da anko. Da mutum biyar sun haɗa hannu da an biya. Amma uban ya ji nauyin faɗa, mu ma muka ji nauyin tambaya, kowa ya riƙe cewa ai zango ɗaya ne. Tun daga nan na fahimci cewa yaro ba ya barin makaranta da sallama. Ce masa ake yi sai zango mai zuwa, shi ke nan. Kuma ba kasafai babban kuɗi ke korar ɗan talaka ba, ƙaramin kuɗi ne da ya faɗo a ranar da babu.

Za a ce mini ai yanzu karatu kyauta ne a Kaduna. Na ji, kuma ba na cikin masu hana mutum yabonsa. Dokar UBE ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya fara ciyar da 'yan firamare a farkon 2016, mun ga yaran da ba su taɓa shiga aji ba sun yi tururuwa, gwamnatinsa kuma ta ce an ɗauke kuɗin makaranta har zuwa ƙarshen sakandare. A 2019 ya kai ɗansa makarantar gwamnati ta Capital School, na ji daɗin wannan ƙwarai. To amma a je gidan mai 'ya'ya shida a tambayi uwargida ma'anar kyauta. Yunifom ita za ta ɗinka, takalmi, hijabi, littattafan rubutu, biro, kuɗin tara, wani lokaci tsintsiya, wani lokaci ɗan abin da za a buga takardar jarrabawa. Idan makarantar da nisa, ga kuɗin Keke zuwa da dawowa, wanda tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 ya fi ƙarfin gidaje da yawa. A ƙarshe kuma ga WAEC da NECO da JAMB suna jira a bakin ƙofa. Bayan duk wannan, yaron ya je ya tarar da aji maƙil, wasu a ƙasa, wasu a kan taga, malami ɗaya yana ta faman tsawa. A 2017 an ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji, aka sallame su, aka ɗebi wasu. A farkon 2022 kuma aka mayar da makarantun gwamnati kwana huɗu a mako. Aka wayi gari ɗan mai kuɗi yana aji ranar Juma'a da safe, ɗan talaka yana kan titi. Wa ya yi wannan lissafin, kuma 'ya'yan wa ya tuna da ya yi shi?

Na jami'a kuwa sai dai mu ce Allah ya kyauta. Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004 zamanin Ahmed Makarfi, don 'ya'yanmu aka yi ta, waɗanda ba za su iya zuwa nesa ba. Kafin 2021 ɗan jiha yana biyan abin da bai kai naira dubu 30 ba a yawancin fannoni. A shekarar aka wayi gari mafi ƙanƙanta ya koma dubu 150, masu karatun likita ninkin haka ko fiye. Mafi ƙarancin albashi a lokacin dubu 30 ne, wato ma'aikaci ya ajiye albashin wata biyar cur, bai ci ba bai sha ba, don ɗa guda. Kuma wannan ya zo ne shekara ɗaya bayan rushe Kasuwar Barci, inda teloli da 'yan gwanjo na Tudun Wada ke samun abin da suke biya wa yaransu. Na san yaran da suka je aka ɗaga musu karatu zuwa baɗi. Ɗaya yana tuƙa Keke yanzu, ɗaya yana sayar da kati da data a bakin titin Poli, yana kallon sa'o'insa suna shiga. Su ma sai zango mai zuwa aka ce musu. Da Gwamna Uba Sani ya hau, a watan Agusta na 2023 ya rage: jami'ar ta dawo dubu 105, Poli ta Nuhu Bamalli a Zariya daga dubu 100 zuwa 50, kwalejin Gidan Waya daga dubu 75 zuwa 37,500. Mun gode, ragi ragi ne. Sai dai a shekarar ce gwamnatin tarayya ta ɗaga kuɗin shiga kwalejojinta na sakandare, irin ta Malali, daga dubu 45 zuwa dubu 100, kuma ragin bai dawo da yaran da suka riga suka fita ba.

A ganina gwamnati ce ya kamata ta ɗauki nauyin nan gaba ɗaya, domin waɗanda ke sa hannu a takardun ƙarin kuɗin nan da yawansu da kuɗin talaka aka yi musu karatu, har da kaza a kwanon abincinsu na jami'a. Abin kunya ne mutum ya haye katanga sannan ya janye tsani.

Amma kuma ba zan wanke mu ba, mu iyaye. Mutumin da zai rantse ba shi da kuɗin fom, wata uku bayan nan za ka ga akwatunan lefe jere a gidansa, a yi kamu, a yi dina, a kama zauren biki. A ci bashi don kayan ɗaki ba a jin kunya, amma a ci bashi don jarrabawar yarinya sai a ce ai aure za ta yi. Na kuma ga yadda duk mai ɗan hali ya kwashe 'ya'yansa daga LEA ya kai makarantar kuɗi. Gidan haya mai ɗaki huɗu a buga masa allo a ƙofa ya zama makaranta, a tilasta wa iyaye sayen yunifom da littattafai a wurin mai makaranta, littafin ma irin wanda ake rubutu a ciki don kada ƙane ya gada. Yaro ɗan shekara biyar ya gama nazare, a ce a kawo kuɗin bikin yaye, a sa masa riga da hula kamar ya yi digiri. Wannan ɗebe kuɗin bayin Allah ne. Da masu baki suka fice, wa ya rage ya je ofishin ilimi ya ce kwanon aji ya yaye? Makarantar gwamnati ta zama ta waɗanda ba a sauraron su. Duk da haka, jikokina biyu a irin waɗannan makarantu suke, kuma da uwarsu ta zo ta ce, "Baba, a ajinsu na da ko sunansa bai iya rubutawa ba," ban iya ce mata ta mayar da su ba. Ko yau aka tambaye ni ba zan ce a mayar ba.

Haka nan batun bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024. Raina ba ya so. Yaro ya fito daga makaranta ba aiki, ga bashi a wuya. Mu da aka yi wa tarbiyyar gudun bashi, abin yana mana nauyi. Amma duk yaron da ya zo neman shawarata, cewa nake ya je ya cike. Babu ruwa a ciki, ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kuma bashi ana biyan sa, shekarun da aka zauna a gida kuwa ba mai maido su. Sai dai bashin nan na wanda ya kai makarantar gaba da sakandare ne. Yarinyar da ta tsaya a aji biyu na sakandare ba ta da fom ɗin da za ta cike.

'Yar abokina tana nan a Rigasa da 'ya'yanta. Takan zo gaishe ni da salla. Babbar 'yarta ta kusa rubuta WAEC, kuma uwar ta fara zubin adashi tun yarinyar tana aji ɗaya, kwasar farko ta ce ba ta so, a bar mata ta watan rajista. Har yanzu ita ke riƙe wa mata lissafi.

Ina kira ga masu unguwanni da limamai da kwamitocin masallatai da na coci-coci na wannan yanki. Kowane hedimasta da kowane firinsifal yana da rajistar da ake kiran suna. A mako na uku da komawa hutu, a tura dattawa biyu su je su zauna da shi, ya nuna musu yaran da suka zo zangon da ya wuce amma ba a gan su a wannan ba. A bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, da dare, ba tare da shela ba, domin uban da ya fi buƙata shi ne ba zai taɓa kai takarda wurin liman ba. A tambaye shi nawa ne. Masu fitar da zakka a Tudun Wada da Tudun Nupawa da Unguwar Sanusi ba kaɗan ba ne, kuma sau da yawa abin da za a tarar takalmi ne ya tsinke, ko yunifom ya yi kaɗan, ko kuɗin Keke na mako biyu. A biya a makon, kafin a ɗora wa yarinyar tire.