Mun je Damagaram neman ɗan ajinmu

A wannan wata za mu ja ku zuwa gabas, zuwa Damagaram, inda mu biyar muka je cikin watan Disamba na 2024. Ba yawon buɗe ido ne ya kai mu ba, ba kuma aikin gwamnati ba ne, domin dukanmu mun aje aiki in ban da mutum ɗaya. Wani ɗan ajinmu muka je nema.

Ga yadda abin ya faro. Mu ne ƴan ajin ƙarshe na lise Amadu Kuran Daga da suka zauna jarrabawar bak a 1985. Bayan jarrabawa kowa ya kama gabansa: wasu jami'ar Yamai, wasu Dakar ko Abijan, wasu aikin koyarwa a ƙauye, wasu kasuwa. Shekara da shekaru ba ma jin labarin juna sai a wurin suna ko jana'iza, ko kuwa mutum yana cin tuwon dare ya ji sanarwar rasuwa a rediyo, ya aje loma ya ce: "Ashe wane ya riga mu." Da wayar salula ta yawaita, ɗaya daga cikinmu ya buɗe mana zaure a WhatsApp, kuma tun watan Janairu na 2019 muka kafa asusu, kowa jika biyu a wata, don rashin lafiya da rasuwa da auren ƴaƴa. Asusun ya yi amfani, ba mu musu. Amma in za a faɗi gaskiya, mafi yawan abin da ke yawo a zauren nan gaisuwar Juma'a ce da hotunan furanni, sai gardamar siyasa da kan sa wani ya yi fushi ya fice, a bi shi a ba shi haƙuri ya dawo.

Ran nan, bayan rasuwar wani daga cikinmu, sai aka saka tsohon hoton ajinmu. Muka shiga ƙidayar kawuna. Mutum 38 ne a hoton. Tara sun rasu, Allah ya ji ƙansu. Mutum 28 muna zaure, ko dai an san inda suke. Saura ɗaya, wani siriri a layin baya, rabin fuskarsa a bayan kafaɗar wani. Kowa ya gane shi nan take, domin babu wanda bai taɓa kwafar lissafinsa ba. Mutumin Mirya ne. Damanar 1984 ba ta yi ba, dabbobi suka mutu, hatsi ya yi wuya, ga iyakar Nijeriya a rufe tun cikin wannan shekara. A farkon 1985 aka aiko masa mahaifinsa ya rasu, ya tafi gida, ya ce mana zai dawo bayan sadakar bakwai. Bai dawo ba. Mu kuwa jarrabawa ta sha mana kai, daga nan duniya ta ɗauke mu. Tsakanin Mirya da Damagaram kilomita 18 ne kacal, amma a cikinmu babu wanda ya taka.

Zauren ya yi tsit kwana biyu. Hajiyar cikinmu, wadda ta yi aikin ungozoma har ta aje, ita ce ta fasa shirun. Ta ce: "Ku dai kun iya aiko furanni. Zumunta a ƙafa take. Ni zan je, mai zuwa ya zo." Aka yi karo-karo na musamman, aka tara jika 150, aka sa a ambulan, aka damƙa wa ma'ajinmu.

Mun bar tashar Yamai tun kafin kiran assalatu. Hanyar kusan kilomita 900 ce, kuma duk wanda ya saba bin ta ya san ta kamar karatun allo: Doso da hantsi, Dogon Dutsi da jan tsauninsa, Birnin Ƙonni inda masu canjin naira ke tarbar kar tun bai tsaya ba, Galmi da tulin albasarta a bakin kwalta, Madawa da tabarminta. Mun yi la'asar a Maraɗi. Daga Tasawa duhu ya rufe, gwiwoyi kuma suka fara tuna mana da shekarunmu. Bayan Takeita, da muka zo daidai Tirmini, malamin tarihin cikinmu ya tashe mu daga barci don kawai ya gaya mana nan ne sarki Amadu Kuran Daga ya kara da sojojin Faransa a 1899, shekara ɗaya bayan kashe kyaftin Cazemajou a Damagaram. Muka ce masa mun sani, ai sunan sarkin ne a ƙofar lakwal ɗinmu, ya bar mu mu yi barci.

Da gari ya waye muka fita ganin gari. Abin da ke fara tarbar ido a Damagaram duwatsu ne, manya-manya, masu sulɓi, a jibge kamar wani ne ya tara su ya manta. Gidaje sun raɓu da su, awaki na hawa, yara na zamiya. Waɗannan duwatsu su ne kyan garin, su ne kuma wahalarsa, domin dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa ba ya riƙe ruwa. Daga nesa ake jawo ruwan sha, daga wajen Gogo da Machaya da Arunguza, kuma duk wanda ya yi karatu a garin nan ya san darajar ɗan garuwa. Mu da muka zo daga Magariya da Matamaye da Tanut da Gure, a gidajen mutane aka sauke mu, kuma ladan masauki shi ne ka tashi da asuba ka cika randunan uwar gida kafin ka ɗauki kaye ka nufi aji. Da dare kuma a yi karatu ƙarƙashin fitilar titi. A nan ne mutumin da muka zo nema yake zama, ya share ƙasa da tafin hannu, ya rubuta lissafi da tsinke, mu kuwa mun kewaye shi kamar kaji.

Garin ya faɗaɗa ƙwarai. Inda muka sani gonaki ne yanzu unguwanni ne, kabu-kabu da adaidaita sun cika tituna. Akwai jami'a tun 2010, wadda ke ɗauke da sunan André Salifou, ɗan garin da ya shugabanci taron ƙasa na 1991. Akwai matatar man fetur a hanyar Tanut, da aka buɗe a 2011. A zamaninmu wanda ya ci bak dole ya yi yamma. Amma Birni yana nan yadda yake, da lungunansa da ba su san mota ba, da gidajen ƙasa masu zanen ado a fuska, da fadar sarki da dogarai cikin ja da kore, da guntayen ganuwar da sarki Tanimun ya gina. Mutanen Birni har yau ba su manta ba cewa nan ne babban birnin ƙasar kafin Turawa su mai da shi Yamai a 1926, kuma ba sai ka tambaye su ba za su gaya maka.

Abu ɗaya ne ya sa muka yi shiru. Tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19, ruwan damanar 2024 ya rushe shi a farkon watan Satumba. Mun ga hotuna a waya tun muna Yamai, amma gani ya kori ji. Mun daɗe tsaye a wurin, babu mai cewa uffan.

Lakwal ɗinmu kuwa ba mu daɗe a ciki ba. Mun leƙa ajinmu ta taga, muka ga ya ƙanƙance, ko kuwa mu ne muka yi ƙiba. Yaran da ke tsakar fili suka ɗauka masu bincike ne daga ma'aikatar ilimi, suka gyara tsayuwa.

Neman mutum bayan shekara kusan arba'in ba a ofis ake fara shi ba. Gidan da aka sauke shi a Zango muka nufa. Uwar gidan ta rasu da daɗewa, amma ɗanta, wanda muka sani yana rarrafe, yanzu magidanci ne da furfura a gemu. Da muka kwatanta masa, sai ya yi dariya ya ce: "Baba na Mirya? Ai bai taɓa yanke ƙafa da gidan nan ba. Duk Alhamis in ya kawo kaya kasuwar Dole sai ya biyo ya gaishe mu." Muka dubi juna. Ashe mutumin da muke cewa ya ɓace, kowane mako yana wucewa ta bakin lakwal ɗin da muka baro shi. Muka sayi alkaki, tun da ba a zuwa Damagaram a fita ba da shi ba, kuma ba a zuwa gidan mutum hannu rabbana.

Ran Lahadi, ranar kasuwar Mirya, muka kama hanya. Bayan ƙurar Damagaram, Mirya kamar wata ƙasa ce: kukoki, dabino, mangwaro, garake kore shar a cikin kwari, ga tukwane da tuluna na ƙasa da aka san garin da su an jera a bakin kasuwa. Wani yaro ya shige mana gaba har cikin wata garka. Can muka hango dattijo, wando a naɗe zuwa gwiwa, yana ba shu da salati ruwa. Ya ɗago, ya sa hannu ya kare rana, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sai ya nuna ma'ajinmu ya ce: "Kai, har yanzu ba ka iya raba lamba da lamba ba, aka ba ka riƙon kuɗi?" Ko gaisawa ba a yi ba. Hajiya ta zauna a bakin rijiya ta rufe fuska da gyale.

Wai mu ne muka zo ba shi labari. Ashe shi ke da namu. Ƙaramin rediyonsa na rataye a reshen mangwaro, kuma shekara da shekaru duk sanarwar majalisar ministoci ba ta wuce shi. Ya san shekarar da aka naɗa wane darakta, da shekarar da aka sauke shi. Ya san wanda ya je Makka, ya san waɗanda suka rasu su tara, ya lissafa su da sunayen iyayensu, ya ce kowanne ya yi masa addu'a a nan inda yake tsaye. Shi kuwa, ƙannensa shida ya riƙe bayan rasuwar mahaifinsu, ya aurar da su duka. Shi ke riƙe da littafin kuɗin ƙungiyar masu garka, kuma da dare yaran unguwa masu shirin jarrabawa suna taruwa a zaurensa.

Bayan an ci tuwo an sha shayi, babban cikinmu ya gyara murya ya fara ba da haƙuri. Bai bar shi ya yi nisa ba. Ya ce: "Alhaji, bar wannan. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Da na ga ba zan iya komawa ba, na sa rai wani zai kawo mini kaye in kwafa, in je in zauna jarrabawar ko daga gida ne. Wata uku duk motar da ta tsaya a tasha sai na leƙa. Daga baya na daina." Ya faɗi haka ba da ɗaci ba, yana juya shayi. Da ya zage mu da ya fi mana sauƙi.

Sai ma'aji ya fito da ambulan, yana ta kame-kame, wai ɗan goro ne daga ƴan aji. Ya karɓa, ya buɗe a gabanmu, ya ƙirga. Ya tambaya daga ina kuɗin suka fito, aka yi masa bayanin asusu. Ya ce nawa ake zubawa? Aka ce jika biyu. Tun yaushe? Tun Janairun 2019. Bai ko rufe ido ba ya ce: "Wata 72 ke nan, jika 144. Ni ma ɗan aji ne ko ba ɗan aji ba ne?" Muka ce ɗan aji ne. Ya ware jika 144 ya tura gaban ma'aji, ya ce bashin da ake bin sa ke nan, a rubuta masa rasit. Sauran jika shida ya soke a aljihu, ya ce wannan ya karɓa, na sukari ne.

Mun yi magiya har muka gaji. Hajiya ta ce masa: "Haba Malam, kunya za ka ba mu?" Ya ce: "Hajiya, ke da kika taso su, ke ce za ki fi gane ni." Ba ta ƙara magana ba.

A hanyar komawa gardama ta kaure a mota. Wasu suka ce a sayo masa injin ban ruwa a aiko, ba zai iya mai da shi ba. Wasu suka ce wannan ma raini ne, a bar mutum da mutuncinsa, a dai riƙa zuwa. Har muka iso Yamai ba a daidaita ba, kuma har yanzu da muke rubuta wannan maganar tana gaban zaure. Wayarsa ƙarama ce, ba ta shiga WhatsApp, kuma ya ce ba ya son wata. Ya ce wanda ke son jin sa ya kira bayan isha'i, ko ya same shi a Dole ran Alhamis.

Buhu biyu ya sa aka ɗora mana, ɗaya na albasa, ɗaya na shu, ya ce a raba wa mutum 28, kada a manta da matan waɗanda suka rasu. Ma'aji ya kwana biyu yana wannan rabo, kuma sai da ya kira Mirya aka gyara masa lissafin.