Bene ɗaya, yanayi biyu

Duk wanda ya riƙe gidan saukar baƙi mai bene a Garwa ya san cewa sama da ƙasa ba yanayi ɗaya suke sha ba. Namu gidan gado ne, muna ba da hayarsa ga masu zuwa hutu ko biki, kuma shekarun da na yi ina kula da shi sun nuna mini cewa iya raba ɗakuna ya fi sayen na'ura amfani.

Iska mai zafi ba ta da nauyi, sama take yi, matakala kuwa ita ce hanyarta. Ga kuma kwano da ke shan rana tun hantsi, yana sauke zafinsa ta silin har bayan isha'i. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa kan haura digiri 40, na sama yana juyi cikin gumi, na ƙasa yana barcinsa. In aka kunna na'urar sanyaya ɗaki a sama aka bar matakala a buɗe, sanyin sai ya gangaro, na'ura ta kwana tana aiki, kuɗin wuta ya hau.

Shi ya sa na kafa ƙofa a bakin matakala. Da rana a rufe tagogin yamma a saki labule. Da dare, in gari ya huce, a buɗe na sama zafi ya fice. Da hunturu kuwa, a Disamba da Janairu, kwanon nan shi ke saurin yin sanyi, kafin asuba ɗakunan sama sun ɗauka. Nan nake ƙara barguna, kuma ba na yarda a shiga da kaskon garwashi a rufe ƙofa, domin iskarsa tana kisa ba tare da wari ba.

Maginan da sun huta da wannan lissafi. Katangar soro mai kauri da rufin azara da ƙasa suna jinkirta zafin rana, su riƙe ɗumi da dare. Mu da muka koma bulo da kwano, aikin da katanga take yi ya dawo wuyan mai masauki.

Don haka kafin in miƙa makulli nakan tambaya: akwai dattijo a cikinku? Akwai mai jego? Su ne na ƙasa, ko da bazara ko da hunturu. Samari su hau bene.