Tafiyarmu Zuwa Kaduna Ta Doguwar Hanya

Daga Kano zuwa Kaduna, in mota na da lafiya, tafiyar awa uku ce ko huɗu. Mu kuwa sai a rana ta huɗu muka isa, don ba mu bi ta Kwanar Dangora kamar kowa ba. Arewa muka fara yi, muka zaga ta Daura da Katsina da Funtuwa da Zariya. Wannan ya faru ne a hutun Disamba na 2024, lokacin da hunturu ya kankama.

Dalilin wannan zagaye shi ne kakanmu, mahaifin Baba, wanda duk gidan muke kira Malam. Yana ta rufe masa idon dama, na hagu kuma hawan jinin ido ya riga ya cinye shi. Likita ya rubuta masa takarda zuwa asibitin ido a Kaduna, ya kuma gaya wa Baba gaskiya cewa na daman ne kaɗai ake sa rai da shi. Da Malam ya ji haka sai ya ce kafin a sa masa wuƙa a ido yana so a kai shi garuruwan da ya yi yawo da ƙuruciya, ya kalle su da ɗan ganin da ya rage masa, a ƙarshe kuma ya ziyarci Hubbaren Shehu a Sakkwato, inda bai taɓa zuwa ba. Baba ya ce, "Allah ya nufa." Bai ce i ba, bai ce a'a ba.

Mu biyar ne a motar. Baba ke tuƙi, Malam na gefensa, ni da Umma da Auta muna baya. Aikina shi ne karanta wa Malam duk allon da muka wuce, don haka ya ce yau amaryarsa ce idonsa. Muka tashi bayan sallar asuba. Da muka zo fita gari ya tambaye ni ko badala tana nan. Na ce tana nan wani wuri, wani wurin kuma ta zama tudun ƙasa, yara na tamola a kai, wani ma an yi gini. Wannan ganuwa fa Sarki Gijimasu ne ya soma gina ta wajen shekara 900 da suka wuce, kuma ta jure wa Kwararrafa da yaƙe-yaƙen Katsinawa. Masu ɗibar ƙasa da masu yanka filaye ne suka fi ƙarfinta. Malam ya yi tsaki, ya ci gaba da jan carbinsa.

Muka wuce Dambatta, muka shiga Kazaure. Auta ya ga allon Jihar Jigawa ya fara ƙirga jihohi da yatsu. Malam ya yi masa dariya, ya ce shi da ya tashi duk Jihar Arewa ce guda ɗaya, sai larduna. A 1967 Janar Gowon ya raba ƙasar jiha goma sha biyu, Kano ta sami tata, Jigawa kuwa sai a 1991 aka cire ta daga Kano. Yau Arewa jiha goma sha tara ce.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Daura, muka zarce rijiyar Kusugu. Ni da nake jin labarinta tun ina firamare na zaci zan ga wani ƙaton rami a bakin daji. Ashe tsakiyar gari take, an gina mata ɗaki an kewaye ta, bakinta kuma bai fi na rijiyar gidanmu ba. Mai kula da wurin ya ba mu labarin da kowa ya sani: yadda maciji mai suna Sarki ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, yadda Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana da dare ya nemi ruwa, ya kashe macijin da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya auri Sarauniya Daurama, daga zuriyarsa kuma aka sami sarakunan Hausa Bakwai, wato Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram.

Malamin tarihinmu ya taɓa gaya mana cewa masana irin su Farfesa Abdullahi Smith ba su ɗauki wannan labari a matsayin mafarin Hausawa ba. Ni ma da na tsaya a bakin rijiyar abin ya zauna mini, don labarin da kansa ya nuna baƙon ya iske gari da sarauniya, da maƙera a Gaya, da mutane masu harshensu. Wanda ya zo ya tarar da gari ai ba shi ya kafa shi ba. Na faɗa wa Malam haka, ya ce amarya ta fara boko ke nan, a dai miƙo masa guga. Aka jawo ruwa, ya sha, ya shafa sauran a idonsa. Umma ta buɗe baki za ta yi magana, Baba ya girgiza mata kai.

Muka sha fura da nono, muka kama hanyar Mashi, kafin la'asar muna Katsina gidan gwaggona. Baba ya kafa doka tun daga gida cewa magariba ba za ta same mu a hanya ba ko sau ɗaya.

A Katsina ne na fi jin daɗi. Da safe muka je hasumiyar Gobarau, wadda aka ce an gina tun zamanin Sarki Muhammadu Korau, a ƙarni na 15. Da ƙasa aka yi ta, tsawonta wajen ƙafa hamsin, hawa-hawa, kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta. Dā wurin masallaci ne da makaranta, kuma daga samanta ake hangen mahara. Malam ya ce ya taɓa hawanta yana saurayi, da ya zo Katsina koyon ɗinki, amma yanzu gwiwa ta ƙi. Ya zauna a gindinta ya ce in hau in riƙa gaya masa abin da na gani. Na hau ina kwala masa bayani daga sama: ga rufin kwano ko'ina, ga tankunan ruwa, ga ƙarafunan sabis na waya, ga hazo ya rufe nesa. Ya ce shi a lokacinsa soraye ne jajaye da itatuwan dabino. Har yanzu in na tuna na kan ji kamar gari biyu muka kalla daga wuri ɗaya.

Daga nan sai tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ce. Jama'a, ku da kuke ƙorafin ɗakin kwananmu, ku je ku ga inda manyan ƙasar nan suka yi karatu. Ginin ƙasa ne da azara, bango mai kauri, tagogi 'yan ƙanana. A nan Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Balewa kuma daga 1928 zuwa 1933. A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, daga baya aka kai ta Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Da yamma Baba ya zaga da mu ta Gidan Korau, fadar sarki, da Ƙofar 'Yanɗaka, inda aka ce Lugard ya shigo a 1903, sannan ya nuna mana gidan gwamnati daga nesa. Ita Katsina a 1987 ta zama jiha, dā tana cikin Kaduna.

Rana ta uku ita ce mai wuya. Muka fita da sassafe, muka bi ta Malumfashi, shingen jami'an tsaro na bin shinge. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka shiga Funtuwa. Duk wanda ya san garin ya san a nan hanya ke rabuwa, ɗaya ta yi Zariya, ɗaya ta yi Tsafe da Gusau har Sakkwato. Ban ankara ba na karanta allon da ƙarfi kamar yadda na saba. Malam ya gyara zama ya ce, "To, bismilla."

Baba ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Hanyar nan ba ta biyuwa da iyali. 'Yan bindiga na tare ta ko da rana."

Da yake Baba ɗan fari ne, Malam ba ya kiran sunansa. Ya ce, "Kai, ai ga motoci can suna shiga. Su ba su da rai ne?"

Gaskiya ne, motocin haya na ta shiga, cike da mutane, don wanda gidansa ke can ba shi da wata hanya. Baba ya ce su dole ta sa su, mu kuwa ziyara ce, kuma in an tare mu ba shi da abin da zai fanshi mutum biyar. Malam ya ce to a sauke shi ya hau ta haya shi kaɗai, tsoho makaho wa zai sace shi? Ya ce shekara hamsin yana cewa baɗi, baɗi, ga shi yau yana bakin hanyar, kuma ba wanda ya ba shi tabbacin zai fito daga ɗakin aiki da ido. Har ya kama marfin ƙofa. Umma ce ta sunkuyo ta ce, "Baba, in ka sauka mu ma sauka za mu yi, da ni da yaran nan." Ya daɗe riƙe da marfin, sannan ya saki.

Ni dai a ganina Baba ne da gaskiya, amma ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji na Malam a ranar ba. Shehu Usmanu ya rasu tun 1817, kuma tun daga lokacin mutane ke zuwa hubbarensa a ƙasa da kan jakuna, suna kwana a ƙauyukan hanya. Mu ga mota, ga kwalta, ga mai a tanki, muka juya. Daga Funtuwa har Zariya ba wanda ya ce uffan, kuma ban ƙara karanta allo ko ɗaya ba.

A Zariya ba mu yi yawo sosai ba. Muka ga ragowar ganuwar da ake dangantawa da Sarauniya Amina, muka tsaya a ƙofar fada kusa da babban masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830. A watan Agusta na 2023 wani sashe na rufinsa ya rufta kan masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. Malam ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, muka shafa. Wannan ce maganarsa ta farko tun Funtuwa. Baba ya sayo rake, ya fere da kansa, ya yayyanka ƙanana ya miƙa masa. Ya karɓa.

Washegari muka shiga Kaduna, garin da Turawa suka mayar hedkwatar Arewa bayan Zungeru. Baba ya tsaya da mu a gaban zauren Lugard, farin gini mai ƙubba, inda Majalisar Dokokin Jihar Arewa ke zama a dā, yanzu kuma majalisar Jihar Kaduna ce ke amfani da shi. Daga bakin ƙofa muka kalla. A nan Malam ya warware, don a Kaduna ya yi zaman ɗinki shekara bakwai. Ya ce in majalisa za ta zauna, mako guda kafin nan ba sa barci saboda aikin manyan riguna, ranar buɗewa kuma sai ka ga sarakuna da rawuna da 'yan algaita sun cika titin.

Gidan Arewa muka je a ƙarshe, wato gidan Sardauna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ɗin nan ya mayar cibiyar binciken tarihi a 1970, yanzu kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai hotuna da takardu da kayayyakin marigayin. Ina karanta wa Malam rubutun da ke ƙarƙashin hotuna, shi kuma yana gaya mini abin da ba a rubuta ba. Ya ce daren 15 ga Janairu 1966 cikin azumi ne, sun ji ƙarar harbi da fashewa kafin sahur, suka zaci sojoji ne ke atisaye kamar yadda suka yi kwanaki suna yi. Da gari ya waye aka ce an kashe Firimiya da matarsa Hafsatu. Ya ce ranar ko zare ba wanda ya zura a allura, kuma akwai wata riga da aka kawo masa aiki wadda har ya bar Kaduna mai ita bai dawo karɓa ba.

Da za mu fita Baba ya ce, cikin lallashi, ai Sardauna ma jinin Shehu ne, ko ba komai an ziyarci gidan jika. Malam ya ce, "Gidan jika daban, kabarin kaka daban." Amma ya dafa kafaɗar Baba har mota, ya bar sandarsa a hannun Auta.

Bayan kwana biyu aka yi aikin. Da aka cire bandejin, abu na farko da ya ce shi ne ashe amaryarsa baƙa ce haka, a mayar masa da sadakinsa. Na hagun dai ya tafi, kamar yadda likita ya faɗa, amma da na daman yanzu yana karanta Alƙur'aninsa mai manyan baƙaƙe, yana kuma zura zare da kansa in an sa masa tabarau.

Baba ya yi masa alkawarin Sakkwato ta jirgin sama in hali ya yi. Malam bai taɓa shiga jirgi ba, kuma ya ce ba zai zauna jiran aljihun kowa ba. Ya samo gwangwanin madara ya huda murfin, ya ba ni ajiya, duk Juma'a yana jefa abin da ya samu daga gyaran riguna. Ran Asabar da ta wuce ya sa na buɗe na ƙirga masa, muka sami naira dubu talatin da ɗaya da ɗari biyar.